Kan Amarya Na Waye?

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da kai na bisa wuya da kuma mutum ɗungurungum. Idan aka ce yarinya ta ɗaura ɗankwali a kanta, an san inda ake nufi. Idan kuma aka ce ta yi abu da kanta, ko ta san ciwon kanta, kalmar ce dai ba ta sauya ba, amma yanzu ita ake nufi gaba ɗayanta. Saboda haka zancen abin da amarya za ta sa a ka ranar bikinta ya wuce zancen ado. Wanda ya yanke abin da za a ɗora mata, ya yanke wani abu game da ita.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan biki ana jibi ɗaurin aure ya san babu gaɓar da hannuwa ke yi wa yawa a jikin amarya kamar kai. Makitsiya ta tsefe ta kitse. Mai kwalliya ta gyara gira da goshi. Mai ɗaurin kai ta iso da ashoke da fil cike da jaka. Gwaggo na tsaye tana cewa a jawo mayafin gaba, babbar ƙawa na cewa a tura shi baya don a ga sarƙar goshi. Uwar ango ta zubo nata mayafin cikin lefe, tana kuma sa ran ganinsa a jikin surukarta. Ita mai kan tana zaune shiru, domin an koya mata cewa amarya ba ta da baki. To, a cikinsu wa ke da haƙƙin cewa ga abin da za a ɗora?

Musun al'ada da zamani

Idan gardamar ta tashi, yawanci akan mayar da ita rikici tsakanin al'ada da zamani: manya na kare abin da aka gada, yara na bin yayi. Amma in aka bi asalin kayan ɗaya bayan ɗaya, wannan rabon ba ya tsayawa.

Gwaggwaron ashoke da ake ɗaura wa amare a Kano da Kaduna da Zariya daga ƙasar Yarbawa ya zo. Garin Iseyin na Jihar Oyo ya yi suna wajen saƙa shi, ƙyalle siriri-siriri ake saƙawa sannan a haɗa. Kambi mai duwatsu masu ƙyalli da ake kafawa a kan farin mayafi ranar dina, daga bukukuwan Turawa aka ɗauko shi. Sarƙar da ke saukowa daga tsagar kai zuwa goshi, finafinan Indiya ne suka saba mana da ita. Lafaya ta shigo ta wajen Barno da Sudan. Kayan Fulani da ake sawa ranar kamu, da duwatsu da azurfa a gashi, amare da yawa da ke sa su ba su jin Fulatanci ko kalma ɗaya.

Ɗaurin ɗankwalin ma da muke gani kamar da shi aka halicce mu, tarihi ne na yayi bayan yayi. An yi ture-ka-ga-tsiya. An yi ɗaurin Maryam Babangida, wanda ya ɗauki sunan matar shugaban ƙasa ta tsakanin 1985 da 1993. An yi ɗaurin Zahra Buhari, wanda ya mamaye gidajen biki a shekarun da suka biyo bayan aurenta na Disamba 2016. Kowanne sabon abu ne a ranarsa. Gwaggon da ke kukan an bar al'ada, in aka ɗauko hoton bikinta za a tarar yayin zamaninta ta bi.

Kan Bahaushiya ya daɗe yana karɓar baƙi. Abin da ya dawwama shi ne rufe kan da mutunta shi, siffar ɗaurin kuwa kullum cikin sauyi take. Don haka babu wanda zai ci gardamar da cewa nasa ne na asali. Dole a koma ga tambayar wa ke da iko, da kuma dalilin da ya ba shi ikon.

Hujjar amarya

Hujjarta mafi ƙarfi ita ce, ita ce mai ɗaukar nauyin. Gwaggwaron da aka ɗaure tamau tun la'asar yana nan a kanta har sha ɗayan dare, yana matse kunnuwa da gefen kai. A ƙarƙashinsa akwai kitso ƙanana da aka ja don ya kwanta, wani lokaci da hular gashi da aka manne da gam a goshi. Likitocin fata sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan jan gashi yana cinye gaban goshi, kuma idan aka daɗe ana yi tushen gashin na iya mutuwa, ba ya sake tsirowa. Amare nawa ne ke murmushi gaban mai hoto alhali ƙawa na miƙo musu maganin ciwon kai ta ƙarƙashin tebur?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Alwala tana da shafar kai. Amaryar da aka kwashe awa guda ana tsara mata ɗauri, aka biya kuɗi masu yawa, idan alwalarta ta warware sai ta tsinci kanta tsakanin kwance ɗaurin da jinkirta Magariba da Isha'i zuwa tsakar dare. Wadda ta tsara ɗaurin ba ita za a tambaya ba. Ita amaryar ce za ta kwana da abin a ranta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda zai faɗi ra'ayinsa a kan tsayin ɗauri ko nauyin kambi, da nasa kan zai koma gida sakayau. Wannan kaɗai ya isa ya ba amarya maganar ƙarshe a kan duk abin da ya shafi ciwo da lafiya da ibada. A nan babu wata gwaggo ko ƙawa da ta isa ta ce "ki daure, na yini ɗaya ne."

Sai dai daga nan wasu kan tsallaka su ce, ai ranarta ce, kada kowa ya sa baki. Wannan maganar tana da daɗin ji, amma ba ta yi daidai da yadda aure yake a wurinmu ba.

Hujjar dangi

A ƙasar Hausa, a daidai lokacin da ake ɗaura aure amarya ba ta ma wurin. Waliyyinta ne da wakilin ango, da sadaki da shaidu, a masallaci ko ƙofar gida. Aure haɗin gidaje biyu ne, biki kuma na waɗanda suka yi wahalar rainon yaran ne kamar yadda yake na yaran. Uwar da ta shekara ashirin tana tsefe wannan kan, tana shafa masa mai, tana kai shi gidan kitso kowace sallah, ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

Al'adun bikin kansu a kan kai aka gina su. Ranar kamu a lulluɓe amarya take, sai dangin ango sun yi ciniki da ƙawayenta kafin su kai gare ta su fesa mata turare. Ranar kai ta ɗakinta a lulluɓe take fita daga gidan ubanta. A can kuma, a wurare da yawa, akwai buɗar kai: dangin miji su yaye mayafin, su ga fuskarta, su yi mata kyauta da addu'a. Waɗanda suka raine ta ne ke rufe kan, waɗanda za su karɓe ta ne ke buɗe shi. Wannan miƙa amana ce da ake yi da ƙyalle maimakon takarda. Mayafin yana cewa, ga 'yarmu, mun tsare ta, ku ma ku tsare.

Wadda ta fahimci haka za ta gane cewa lokacin da Inna ke cewa a jawo mayafin gaba, sau da yawa abin da take nufi shi ne a bar ta ta yi aikinta na ƙarshe a matsayin uwa. Amaryar da ta sa tsohon mayafin mahaifiyarta ranar walima, ko ta karɓi wanda uwar miji ta zaɓa ko da launinsa bai kwanta mata sosai ba, kyauta ta yi da abin da yake nata, kuma kyauta sai mai abu.

Amma haƙƙin dangi yana da iyaka, kuma an sha ƙetare ta. Akwai gidan da kan amarya ke zama allon talla. A ɗora mata zinare don dangin ango su san ba daga gidan matsiyata ta fito ba. A ƙara tsayin ɗauri don na 'yar kishiya da aka yi bara ya zama ƙarami. A ci bashi a yi, biki ya watse, uba ya shekara yana biya. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma babu inda karin maganar nan ta fi dacewa kamar inda rawanin yake a kan yarinya, girman kan kuma na wasu ne. Shirun amarya kunya ce. Bai halatta a mayar da kunyar yarinya izinin yin gasa da kanta ba.

Saboda haka ma'aunin maganar dangi shi ne: don ita ake faɗa, ko don idon wasu? Idan don ita ne, ta cancanci a saurare ta da ladabi ko da ba za a bi ba. Idan don idon wasu ne, ta faɗa cikin rukuni na uku, wanda shi ne ya fi kowa iko a yau alhali babu wanda ya gayyace shi.

Baƙon da ba a aika wa kati ba

Wannan baƙon shi ne wayar hannu, da dubban idanun da ke bayanta. Kafin amarya ta zauna gaban mai ɗaurin kai, ta riga ta kwashe watanni tana duba Instagram da TikTok, tana ajiye hotunan amaren da ba ta sani ba. Mai kwalliyar ita ma sana'arta a kan hoto take tafiya, domin hoton wannan amaryar ne zai kawo mata ta gaba. Ba laifinta ba ne, neman halal take. Amma sakamakon shi ne ana tsara ɗaurin don gilashin kyamara: a ba shi tsayi don ya cika hoto, a ba shi ƙyalli don ya amsa fitila. Shi ya sa amaren gari guda suka koma kamar an buga su a inji ɗaya, har tsohuwar da ta taso daga ƙauye takan tsaya tana tambaya ko wannan ce jikar tata.

A nan ne maganar "zaɓina ne" ke buƙatar bincike. Yarinya na iya yin nasara a kan gwaggonta, ta ji ta ƙwaci 'yancinta, alhali ta karɓe kan ne daga hannun wadda ta san ta tun tana zanen goyo, ta miƙa shi ga mutanen da za su dube ta na daƙiƙa biyu su wuce. Tambaya ɗaya ke tona wannan: da a ce babu waya ko ɗaya a zauren, wannan ɗaurin za ki zaɓa? Idan amsar i ce, naki ne, ki sa shi da daɗin rai. Idan a'a ce, to wani ne ya zaɓa miki.

Mai karatu na iya cewa, ai biki tun asali kallo ne. Yinin biki na da can ma mata ne ke cika gida su ga amarya, su yaba ko su kushe. Gaskiya ne, kuma son a gan ki da kyau ranar aurenki ba aibi ba ne. Bambancin yana ga su wane ne masu kallon. Na da an san su da sunayensu, sun zo da gudummawa, su ne za su dawo ranar suna, su ne za su zo gaisuwa in an yi rashi. Yawansu yana da iyaka, kuma da magariba ta yi sun watse. Na cikin waya ba su da iyaka, ba sa ƙoshi, ba su bin amarya komai, ita ma ba ta bin su. Wanda ba zai ɗauki ko tsinke na nauyin aurenki ba, da wane dalili zai ɗora miki nauyi a ka?

Tarihin Ingila ya ajiye wani misali. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 Sarauniya Biktoriya ta yi aure tana kan karagar mulki, ga kambin sarauta da duwatsu masu daraja a hannunta, amma sai ta sa zoben furen lemo a kanta, da farar riga. Wadda ba ta da abin da za ta nuna wa kowa ce ta iya zaɓar abu mara nauyi. Abin lura kuma shi ne, wannan zaɓin nata ya zama yayin da amare suka yi ta bi a ƙasashe da dama, har farar rigar ta koma kamar dole. Haka yayi yake: abin da wata ta yi don ya dace da ita, sai ya zama kaya a kan dubbai da bai dace da su ba.

Aro da yaudara

Saura tambaya ɗaya: shin adon da ba naki ba ƙarya ne? Mutane kan kawo karin maganar zanen aro ba ya rufe katara don kunyata amaryar da ta yi hayar kambi ko ta ari sarƙa. Amma aron adon amarya tsohuwar ɗabi'a ce ta mutunci a wurare da yawa. A Suwidin, majami'u da dama suna da kambin amare nasu da suke ara wa 'yan matan yankinsu, don 'yar talaka ma ta sa abin da 'yar mai kuɗi ta sa. A gidan sarautar Ingila, kambin da Gimbiya Elizabet ta sa ranar aurenta a 1947 aro ne daga mahaifiyarta, har ya karye da safiyar bikin aka garzaya aka gyara. Shi ɗin ne 'yarta ta sa a 1973, jikarta kuma ta sa a 2020. A gidajenmu ma an san sarƙar Hajiya babba da ke zagaya wuyan 'yan matan dangi ɗaya bayan ɗaya, a mayar mata bayan biki. Irin wannan aron zumunci yake ƙarawa, kuma ya fi bashin da za a ci don a ce an saya sau dubu.

Inda ƙarya take shiga shi ne inda ake son mai kallo ya gaskata abin da ba haka yake ba. Kambi ba ya yaudarar kowa, kowa ya san ɗora shi aka yi. Ƙarin gashi kuwa aikinsa shi ne a ɗauka tsirowa ya yi. Wani ɓangare na gashin mutum da ake sayarwa a duniya daga wuraren bauta na Indiya yake fitowa, kamar na Tirumala a jihar Andhra Pradesh, inda masu ziyara ke aske kansu don cika alwashi, a tara gashin a yi gwanjonsa. Masana'antun birnin Xuchang na ƙasar Sin kuma sun shahara wajen sarrafa gashi zuwa hulunan da ke cika kasuwannin Afirka. Amarya na iya shiga ɗakinta da gashin wata mata da ba za ta taɓa sanin sunanta ba.

Abin mamaki, nassin da ya fi shahara a kan wannan mas'ala game da amarya ya zo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah (SAW) da batun 'yarta amarya, wadda ƙyanda ta zubar mata da gashi, tana neman izinin yi mata ƙari, bai kuwa ba ta izinin ba. Malamai da dama sun bayyana cewa yaudara ce tushen hanin, sun kuma yi saɓani a kan zaren da ba gashi ba, kamar ulu da siliki. Fatawa ta malamai ce. Abin da ya shafi tunaninmu a nan shi ne, uzurin matar nan babba ne: uwa ce mai tsoron kada a raina 'yarta. Duk da haka ba a yarda a fara zaman aure da abin da zai ruɗi miji ba.

Wannan ba ya nufin a bar yarinyar da ciwo ya taɓa gashinta ga bakin mutane. Ɗankwali da mayafi sutura ne, suna rufewa ba tare da sun yi ƙarya ba. Abin kunyar yana ga masu leƙen abin da aka rufe, da angon da zai auna matarsa da tsawon gashi. Idan akwai abin da ya kamata ya sani, gara ya ji daga bakinta kafin ɗaurin aure da ya tarar da shi washegari.

To, na waye?

Kan na amarya ne, kamar yadda harshen ya riga ya faɗa: kanta. Na yini biyu ko uku takan ara shi ga waɗanda suke ƙaunarta, su rufe, su buɗe, su yi alfahari da ita, kuma wannan aron yana da kyau matuƙar sun tuna cewa aro ne. A kan ciwo da ibada da gaskiya, maganarta ce ta ƙarshe. A kan launi da mayafi da abin da zai faranta wa iyaye, a yi shawara, ita ma ta yi karamci. A kan kuɗi, mai biya ya faɗi iya ƙarfinsa ba tare da jin kunya ba. 'Yan kallon cikin waya kuwa, su kalli abin da suka samu.

Bayan an watse, 'yan rakiya sun tafi, za ta zauna a bakin gado ta zare fil ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye ashoken a gefe. Kan da ya rage a ƙarƙashi shi ne zai yi zaman auren, shi zai yi tunanin cefane da haƙuri da dangin miji. Ya kamata ya iso ɗakin nan lafiya, ba ciwo, ba bashi, ba abin ɓoyewa. Don haka a cikin duk masu kewaye da ita ranar biki, da mai riƙe fil da mai riƙe madubi, a samu mutum ɗaya da zai sunkuya ya tambaye ta a hankali, "Ya yi miki, ko a sassauta?" sannan a jira ta ba da amsa.